Suna da Hatimi: Makomar Tukwanen Abuja Bayan Garin Ya Zama Suleja

A harkar ciniki, tambarin haja shi ne suna ko alamar da mai saye ke gane kaya da ita, har ya yarda da ingancinsu tun kafin ya jarraba, kuma tarihin masana'antu ya nuna cewa wannan yarda ta fi jure sauyin mai dukiya a kan sauyin suna. Misali sananne shi ne Hoover, kamfanin injin zuƙe ƙura da aka kafa a jihar Ohio ta Amurka a 1908, wanda Maytag ya mallaka a 1989, aka sayar da reshensa na Turai ga Candy na Italiya a 1995, na Amurka ya koma hannun TTI na Hong Kong a 2007, sannan Haier na ƙasar Sin ya saye Candy a 2019. Duk da wannan sauyin hannu ba a taɓa sunan da ke jikin injin ba, shi ya sa har yau mutanen Ingila ke kiran kowane irin injin shara da sunan Hoover.

Sana'ar ginin tukwane ta Suleja ta bi akasin wannan hanya. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila, domin ya duba yadda za a bunƙasa sana'ar, kuma a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata mata Bagwariya mai suna Ladi Kwali, waɗanda suka burge shi ƙwarai. A farkon shekarun 1950 aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, wanda a lokacin ake kira Abuja, Ladi Kwali kuwa ta shiga a 1954 a matsayin mace ta farko. A nan aka haɗa fasahohi biyu: ginin hannu na matan Gbagyi, wato Gwari, inda ake ɗora yumɓu zara-zara ana zagaya tukunyar ana shafe ta, a zana mata ƙadangare ko kunama ko hawainiya ko kada da tsinke tun tana ɗanya, da kuma dabarun da Cardew ya kawo, wato faifan juya yumɓu, da ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya, da tanderun itace mai tsananin zafi da ke mayar da yumɓu tangaran wanda ruwa ba ya ratsa shi.

Masu sana'ar sun san cewa darajar irin wannan kaya tana gindinsa, domin a nan ake danna hatimi kafin a gasa. Tukwanen cibiyar sukan ɗauki hatimi biyu, ɗaya mai sunan Abuja da haruffan ajami, ɗaya kuma mai haruffan farko na sunan maginin, kamar LK na Ladi Kwali. Da waɗannan alamomi aka baje kolin kayan a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, har masu tara kayan fasaha na Turai suka saba da cewa tukunyar Abuja, suna nufin wani nau'in aiki na musamman wanda magina irin su Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa suka sa hannu a cikinsa.

Mallakar cibiyar ta sauya sau da yawa ba tare da sunan ya girgiza ba. Ta tashi daga hannun Turawa zuwa gwamnatin Jihar Arewa, Cardew ya tafi a 1965 Michael O'Brien ya gaje shi, garin ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan Jihar Neja a 1976. Abin da ya raba kayan da sunansu shi ne dokar soja mai lamba 6 ta watan Fabrairun 1976, wadda ta kafa sabon babban birnin tarayya, inda daga baya aka ba birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Hausawa kan ce suna linzami ne, kuma wannan linzami ya ja hankalin duniya zuwa wani wuri dabam, ta yadda wanda ya ga hatimin Abuja a gindin tulu a yau zai ɗauka a babban birni aka gina shi, alhali birnin bai wanzu ba lokacin da aka gasa shi.

An sauya wa cibiyar suna zuwa na Ladi Kwali a farkon shekarun 1980, bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita kuma ta rasu a Minna a 1984. Sabon sunan ya ceci martabar aikin, tunda hotonta na bayan takardar naira 20 ya sanar da ita a kowace kasuwa, sai dai ya ɗora shaharar a kan mutum ɗaya, wadda sunanta ke nuni da Kwali, garin da yanzu yake cikin yankin babban birnin tarayya. Da aikin cibiyar ya ja baya a shekarun da suka biyo, sai aka wayi gari sunan garin yana hannun birni, sunan maginiyar yana jikin kuɗi, Suleja kuwa, inda aka gina tanderun, ba ta cikin ko ɗaya.

Hukuncin da wannan tarihi ke bayarwa shi ne, haja takan tsira daga sauyin mai ita matuƙar suna da inganci suna nan, amma idan aka sauya suna a daidai lokacin da aiki ke raguwa, sabon sunan ba ya samun kayan da zai hau. Saboda haka duk wani yunƙurin farfaɗo da cibiyar ya kamata ya fara da horar da magina da kunna tanderu, sannan a sassaƙa hatimin da zai ɗauki sunan Suleja tare da na Ladi Kwali.