3.2 Rayuwa da Aikin Bishop Patrick Francis Sheehan

A wannan sashe za a yi tsokaci a kan bishop na farko na Dayosis ɗin Katolika na Kano, wanda ikonsa ya haɗa har da Jahun da Haɗeja.

An haifi Sheehan a ƙasar Ayalan cikin 1932. Ya zama fada a ƙungiyar Agustin cikin 1956, sannan aka naɗa shi bishop na Yola cikin 1970.

A shekarar 1991 aka cire Kano daga ƙarƙashin Kaduna, ta zama yankin mishan mai cin gashin kansa. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano. Sai dai cocin bai bi wannan rabuwa ba, jihohin biyu suka ci gaba da zama ƙarƙashin shugaba guda. Wannan yanki ne Paparoma John Paul na Biyu ya danƙa wa Sheehan cikin 1996, aka kuma ɗaukaka shi zuwa cikakken dayosis cikin 1999.

Aikin bai zo da sauƙi ba, domin mabiyansa tsiraru ne, akasarinsu baƙi daga kudu da Maguzawan da suka karɓi Kiristanci. Bugu da ƙari, a zamaninsa ne jihohin biyu suka ƙaddamar da Shari'a cikin 2000.

Ya yi murabus cikin 2008, John Namaza Niyiring ya gaje shi, ya kuma rasu cikin 2012. A taƙaice, muhimmancinsa shi ne ya miƙa tsayayyen dayosis ga ɗan ƙasa.