Labarin Dogon Bakan Ingila da Masassaƙansa

Wannan labarin dogon bakan mutanen Ingila ne, da yadda a ke sassaƙa shi da hannu, da yadda sarakunansu suka tsare shi da doka har wajen shekara 300, sa'an nan ya kuɓuce musu. Labari ne da ya kamata ma'aikacin hukuma ya sani, domin rabinsa na masassaƙa ne, rabinsa kuwa na masu rubuta doka da masu karɓar haraji.

Maharbin ƙasar Hausa na dā bakansa mara nauyi ne, kibiyarsa ba gashi, ƙarfinta duk yana ga dafin da aka shafa mata. Na Ingila ba haka ya ke ba. Ba su sa dafi, sai suka dogara ga ƙarfin itace kaɗai, kibiya ta huda sulke, ta ka da doki. Saboda haka bakansu ya kan kai ƙafa 6 ko ya ɗara, watau ya fi yawancin masu harbi da shi tsawo, itace guda ne kuwa, ba haɗi. Sarki Edward na Ɗaya, wanda ya yi sarauta daga 1272 zuwa 1307, ya ga aikin da maharban ƙasar Wales su ke yi da dogon baka, ya riƙa ɗibarsu cikin rundunarsa. Tun daga nan baka ya zama babban makamin Ingila.

Itacen da suka fi so shi ne wanda su ke kira yu, wani itace mai jinkirin girma ƙwarai, wanda ganyensa ba ya kaɗewa ko da sanyi. Allah ya yi shi iri biyu a jiki guda. Ƙarƙashin ɓawonsa akwai farin itace siriri, daga nan zuwa tsakiya kuwa ja ne mai tauri. Farin yana jimre miƙewa, ba ya tsinkewa. Jan yana jimre matsi, ba ya murƙushewa. In aka ja baka, bayansa ne ke miƙewa, cikinsa da ke fuskantar maharbi shi ke matsuwa. Don haka masassaƙi ya kan bar farin a baya, jan a ciki, kowane ya yi aikin da ya iya. Wanda ya tsiro a kan duwatsun Sifen da Italiya da kudancin Jamus ya fi na Ingila, gama wahalar wurin ta kan sa ya girma a hankali, jijiyarsa ta haɗu, ta miƙe. Na Ingila sau da yawa a murɗe ya ke, ga yawan gaɓoɓi.

A kan sare shi da sanyi, sa'ad da ruwan jikinsa ya kwanta. Ba a ratsa shi da zarto, sai a tsaga shi bisa tsawonsa, a bi jijiyarsa duk inda ta nufa. Kowane tsagi a kira shi sandar baka. Sa'an nan a jingine sandunan a inuwa, inda iska ke ratsawa, shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Wanda ya yi gaggawa ya sassaƙa ɗanye, bakansa zai lanƙwashe ya zauna a haka, ƙarfinsa ya tafi.

In sanda ta bushe, masassaƙi ya ɓare ɓawo a hankali don kada ya ji wa farin rauni. Ya rage ta da ɗan gatari, ya bi da wuƙa mai ƙota biyu, ya bar tsakiya da kauri, yana sirantawa har bakin nan biyu. Bayan ya kan zama kusan shimfiɗaɗɗe, cikin kuwa a zagaye. In ya tarar da gaɓa ba ya daidaita ta da sauran jiki, sai ya bar mata tudu, domin nan ne baka ya fi son karyewa. Saboda haka bakan gwani ba lalle ya yi sumul ba.

Bayan wannan sai aikin da ke bambanta gwani da ɗan koyo, watau koya wa itace lanƙwasa. A ɗora bakan a kan wata gwafa da aka kafa, a sa masa doguwar tsirkiya, a ja kaɗan a maƙale. Masassaƙi ya ja da baya, ya tsaya ya duba. Inda ya ga ya sandare, ya sauke shi ya kankare kaɗan. Inda ya ga ya fi lanƙwasa, ya ƙyale shi sam. Ya mai da shi, ya ƙara ja da inci guda, ya sake dubawa. Haka zai yi ta yi har a kai inci 30, reshen sama da na ƙasa su tafi daidai, kamar tsagin wata. Abin da aka kankare ba ya komawa. Kuskure guda ya isa ya mai da bakan yaƙi na yara, ko ya sa ya fashe a hannun mai shi ranar da ba ta gyaruwa. In an gama, a sa wa bakin nan biyu ƙahon sa mai tsagi inda tsirkiya za ta zauna, a shafe jikin da kakin zuma saboda ruwa.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai baka, da mai kibiya, da mai murza tsirkiya, da maƙeri mai tsini. A shekara ta 1371 aka raba masu baka da masu kibiya na birnin Landan, kowa ya tsaya ga sana'arsa, aka kuma hana masu baka aiki da dare, domin an ga bakan da aka sassaƙa a hasken fitila ba ya kyau. A 1417 Sarki Henry na Biyar ya aika wa hakimansa su tara gashin fiffike shida daga kowace dinya, don a liƙa wa kibau.

To, itacen baka sai ya bushe a ke tanƙwara shi, amma maharbi, kamar yadda Hausawa su ke cewa, tun yana ɗanye. Jan irin wannan baka daidai ya ke da ɗaga laba 100 ko 150, babba ba ya koyonsa rana a tsaka. A 1363 Sarki Edward na Uku ya yi umurni duk namiji mai lafiya ya riƙa koyon harbi a ranakun hutu, ya hana wasan ƙwallo da faɗan zakaru, wanda ya ƙi a ɗaure shi. A zamanin Henry na Takwas aka wajabta wa uba ya ba ɗansa baka da kibiya biyu tun yana ɗan shekara 7.

Amfanin wannan ya bayyana a yaƙe-yaƙensu da Faransa. A Crecy a 1346, da Poitiers a 1356, da Agincourt a 1415, Ingila ta ci nasara alhali mutanenta ba su kai na abokan gāba yawa ba. A Agincourt maharba suka kafa turaku masu tsini a gabansu, baraden Faransa suka taho cikin taɓo, kibau na zuba musu kamar ruwa. Amma ba kullum a ke kwana a gado ba: a Patay a 1429 mahaya suka auka wa maharban tun ba su gama shiri ba, suka watsa su.

Sai itace ya fara wuya. A 1472 aka yi doka, duk jirgin fatake da ya zo daga ƙasashen da a ke samun yu, sai ya kawo sandar baka 4 a kan kowane tan na kayansa. A 1482 aka yanke kada a sayar da bakan yu fiye da sule 3 da kwabo 4. A zamanin Richard na Uku, bayan kuɗin sanda 100 ya tashi daga fam 2 zuwa fam 8, aka ce sanda 10 a kan kowace gangar giya mai zuwa daga wajen Italiya. Henry na Takwas ya ƙara da cewa masassaƙin da ba na Landan ba, kowane bakan yu ɗaya da ya yi, sai ya yi 4 na wasu itatuwa. Duk waɗannan dokoki na tarawa ne da na rabawa, suna kawo sanda tashar jirgi, amma ba su ƙara wa daji kome ba. A 1562 hukumar Bavariya ta kai kuka ga babban Sarkin Jamus a daina sarar yu, gama dazuzzukanta sun lalace.

Ana cikin haka bindiga ta yawaita. Bindigar lokacin ba ta kai baka saurin harbi ba, amma a kan koya wa manomi riƙonta cikin 'yan makonni, ga shi kuwa maharbi sai an rene shi tun yana yaro. A 1595 majalisar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yi umurni a daina lissafa baka cikin makaman dakarun garuruwa. Masassaƙa suka watse, sana'ar ta koma ta masu harbin nishaɗi.

Da wuya a ce ga bakan yaƙi guda da ya saura daga zamanin Crecy, domin baka kayan aiki ne, in ya gaji a jefar. Sai ga jirgin yaƙin Henry na Takwas mai suna Mary Rose, wanda ya nutse kusa da Portsmouth a 1545, aka tsamo shi a 1982. Aka sami baka 137 lafiyayyu da kibau fiye da 3,500 cikin laka. Tsawon bakunan daga ƙafa 6 da inci 2 zuwa ƙafa 6 da inci 11. Har ƙasusuwan kafaɗun waɗansu mutanen jirgin sun nuna alamar jan baka tun ƙuruciya. Masassaƙan yau suna auna waɗannan bakuna, suna koyo daga hannun mutanen da ba a san ko sunansu ba.

Mai karatu ya duba. Hukuma tana iya yanke farashi da safe, ta karɓi sanda a tasha da yamma, magatakarda ya rubuta adadi daidai cikin littafi. Amma itacen, da idon masassaƙi, da kafaɗar maharbi, kowanne shekaru ya ke ci kafin ya nuna, ba kuwa takardar da ke gaggauta shi. Wanda aka ba amanar daji, ko kasuwa, ko 'yan koyon sana'a, bai gama aikinsa da ƙidaya abin da ya shigo bana ba, sai ya tambayi abin da ke tasowa a bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyakar labarin ke nan. Allah ya sa a amfana.