Rikicin Samaru na 1986: Malaman Jami'a da Hukumarsu a kan Sha'anin Tsaro

Duk wanda ya bi labarin makarantun Arewa cikin 'yan shekarun nan ya san zancen tsaro ya sha gaban kowane zance. A watan Yuni 2021 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashe ɗalibai da malamai. A watan Satumba 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu. A watan Nuwamba 2025 kuma abin ya faɗa wa makarantar 'yan mata ta Maga, cikin ƙasar Danko-Wasagu inda garin Bena yake. Don haka malamai suke roƙon a kawo masu bindiga su tsare su. Amma fa an yi wani zamani da roƙon malamai ya kasance a fitar da masu bindiga daga cikin makaranta. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu waiwayi wancan zamani, mu duba abin da ya auku a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1986, gama waiwaye adon tafiya ne.

An buɗe wannan jami'a a Samaru ta Zariya cikin watan Oktoba 1962. Bisa ga tsarin da aka gāda daga Ingila, jami'a kamar ƙaramin gari ce mai mulkin kanta: tana da Majalisar Gudanarwa mai lura da kuɗi da ma'aikata, da Majalisar Dattawa ta manyan malamai mai lura da karatu da tarbiyya, sa'an nan ga shugaba wanda yake malami ne cikin malamai. Amma da mulki ya koma hannun soja, sai naɗin shugaba da tuɓe shi suka rataya a wuyan mai mulkin ƙasa. Daga nan shugaban jami'a ya zama mai iyayengiji biyu, watau abokan aikinsa da ke kewaye da shi, da kuma gwamnatin da ke Legas. Wannan ita ce tsagar da aka fara samu a bango.

Rikicin 1986 yana da asali. Tun ran 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi a Jami'ar Ibadan a kan husumar da ta taso daga zancen abinci. Cikin watan Afrilu 1978 kuwa, zamanin Janar Obasanjo, aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi na yini daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ɗaliban ƙasa duka suka tashi suna neman a cire Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali. Aka yi kisa a Legas, aka kuma tura soja Samaru, inda ɗalibai suka rasa rayukansu. Bayan ƙura ta lafa sai gwamnati ta soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ta kori waɗansu malamai a Ibadan da Legas, Farfesa Iya Abubakar kuma ya bar shugabancin jami'ar Zariya. A wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar malaman jami'o'i da aka sani da ASUU, a madadin wata tsohuwar ƙungiya da aka kafa tun 1965. Ashe ke nan ƙungiyar ta buɗe ido ne ta ga jini a farfajiyar makaranta.

Shekara takwas bayan haka, cikin Afrilu 1986, ɗaliban Samaru suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda suka mutu a 1978. Jerin ya ratsa ta gidan kwanan mata mai sunan Amina, wanda dokar jami'a ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi wanda ya hau shugabanci a 1979, ta ɗauki wannan a kan keta doka, ta hukunta shugabannin ɗalibai da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka taru suna neman a janye hukuncin, abin ya yi tsanani, hukuma ta nemi taimakon 'yan sanda. Ran 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai da malamai suka ce adadin ya fi haka nesa. Labari ya bazu, jami'o'in ƙasa suka yamutse, aka rufe da yawa daga cikinsu.

A nan ne saɓanin malamai da hukuma ya fito fili, kuma ya kamata mai karatu ya ji hujjar kowane ɓangare. Hujjar hukuma ita ce, alhakin rayuka da dukiyar jami'a yana wuyanta, in taro ya fi ƙarfin masu gadin makaranta ba ta da wata dabara sai ta kira masu ikon ƙasa. Hujjar ASUU kuwa ita ce, tun farko laifin bai kai a yi kora ba, kuma akwai hanyoyin sulhu na cikin gida da ba a bi su har ƙarshe ba, sa'an nan wanda ya kira bindiga ba shi da iko a kan inda harsashi zai faɗa. Ƙungiyar tana da ƙarfi a Samaru, gama daga can ne Dokta Mahmud Modibbo Tukur, malamin tarihi, ya fito ya shugabance ta a farkon shekarun 1980. Ta haɗa baki da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wadda ta shirya zanga-zangar juyayi ran 4 ga Yuni, amma gwamnati ta hana, ta tsare shugabanninta.

Gwamnatin Janar Babangida ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Abin da aka fi tunawa da shi cikin rahotonsa shi ne zargin cewa waɗansu malamai suna koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. Da wannan magana aka juya akalar zance: aka bar tambayar wa ya ba da umurnin harbi, aka koma tambayar wa ya zuga yara. Farfesa Ango Abdullahi ya sauka a 1986, amma a shekarar ce kuma aka yi dokar da ta raba ASUU da ƙungiyar ƙwadago. Cikin 1988 aka kama Dokta Patrick Wilmot, malamin ilmin zaman jama'a a Samaru, aka fitar da shi daga ƙasa, aka kuma soke ASUU bayan wani yajin aiki. Cikin 1989 aka sallami Dokta Yusufu Bala Usman, sai daga baya kotu ta mayar da shi. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a 1995, sa'ad da Janar Abacha ya naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe jami'ar shi kaɗai, har zuwa 1998. Makarantar da ta kira masu kaki su taimake ta na yini ɗaya, ga shi ta wayi gari mai kaki ne ke mulkinta.

Ba Nijeriya kaɗai ta ga irin wannan ba. A Jami'ar Kent ta jihar Ohio a Amurka dakaru sun kashe ɗalibai huɗu ran 4 ga Mayu 1970. A Yamai kuma, ran 9 ga Fabrairu 1990, an harbe ɗalibai a gadar Kennedy, abin da ya gaggauta faɗuwar mulkin jam'iyya ɗaya a Nijar. Ko'ina aka duba, harbin bai kawo kwanciyar hankalin da aka nema ba.

To, mu komo ƙasar Zuru, inda aka kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a 2020. Hatsarin zamanin nan daga bayan shinge yake zuwa, kuma ba mai hankalin da zai ce makaranta a irin wannan yanki ta zauna ba masu tsaro. Amma darasin Samaru bai tsufa ba. Lalle ne a san wanda ke da ikon kiran masu bindiga, da dalilin da za a kira su, da iyakar da ba za su ƙetare ba, a kuma yanke wannan shawara a majalisar jami'a da sanin malamai da ɗalibai tun kafin ranar tashin hankali. Malami shi ne ke kwana cikin makaranta da iyalinsa, shi ne kuma ya fi kowa sanin abin da ke zukatan ɗalibai. Hukumar da ta mai da shi abokin gāba ta rufe idonta da kunnenta da hannunta, alhali kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya tsare makarantunmu, ya ji ƙan waɗanda suka rasu a cikinsu.