Yadda Likitoci Suka Koyi Karanta Saƙon Cikin Jini

A shekara ta 1855 wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, mai suna Thomas Addison, ya buga littafi a kan marasa lafiya goma sha ɗaya. Sukan rame, ƙarfinsu ya ƙare, fatarsu ta yi duhu, daga bisani su mutu. Da aka buɗe gawawwakinsu, sai aka tarar da wasu ƙananan tsokoki biyu da ke zaune bisa ƙoda sun lalace, da yawa kuwa tarin fuka ne ya cinye su. Waɗannan tsokoki su ne ake kira adirinal. Addison ya gane cutar, amma ba shi da hanyar tabbatar da ita a jikin mai rai, ba shi kuma da magani.

Aikin adirinal shi ne fitar da wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki. Amma ba ta yin aikin sai an umarce ta. Mai ba da umarnin wata 'yar tsoka ce mai girman ƙwayar wake, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ana kiranta fituwitari. Ita ke aika saƙo ta cikin jini, wani sinadari da likitoci ke kira ACTH. A shekara ta 1932 Harvey Cushing na Amurka ya nuna cewa ƙari a wannan tsoka yakan sa fuska ta kumbura, jini ya hau. A 1937 kuma Harold Sheehan, yana aiki a Gilasgo, ya bayyana abin da ke samun matan da suka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa: fituwitari ta rasa jini ta mutu, nono ya ƙi zuwa, haila ta ɗauke, gajiya ta zauna.

Magani ya riga awo zuwa. A 1948 aka fara yi wa marar lafiya allurar kotizon a asibitin Mayo na Amurka, a 1950 kuma aka ba Kendall da Hench da Reichstein kyautar Nobel saboda wannan aiki. Sai dai waɗannan sinadarai kaɗan ne ƙwarai a cikin jini, musamman ACTH, har ma'aunan zamanin ba su iya kama shi sosai.

Mutum biyu a wani asibitin tsofaffin sojoji a birnin New York suka buɗe hanya, wato Rosalyn Yalow da Solomon Berson. A 1959 da 1960 suka nuna yadda za a auna insulin cikin ɗan jini kaɗan, ta wurin yi wa sinadarin alama a bar shi ya yi gasa da na jinin marar lafiya. A 1968 suka auna ACTH da wannan dabara. Ba su yi rajistar mallakar dabarar don su sami kuɗi ba, shi ya sa ta bazu da sauri. Berson ya rasu a 1972, Yalow ta karɓi kyautar Nobel a 1977.

Yau ana ɗibar jini da safe, lokacin da kotisol ya fi yawa. Idan kotisol ya yi ƙasa, ACTH kuwa ya yi sama, laifin na adirinal ne. Idan dukansu sun yi ƙasa, sai a dubi fituwitari. Wani lokaci akan yi allurar ACTH, a sake ɗibar jini bayan minti 30 ko 60, a ga ko adirinal ta amsa.

'Yan'uwa, wannan tarihi ya shafe mu, domin tarin fuka da zubar jini wajen haihuwa suna nan a Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi. Mace takan haihu da wahala, ta rasa nono, ta yi shekaru cikin kasala, dangin miji su ce ragwanci ne, wasu su ce sammu. Idan akwai irinta a ikilisiyarku, ku yi mata addu'a, ku kuma haɗa mata kuɗin mota zuwa babban asibiti, ta faɗa wa likita labarin haihuwar tun daga farko. In awo ya tabbatar da cutar, ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum suna iya maido mata da ƙarfinta.