Jijjigar Masu Ciki: Tarihin Neman Alama Tun da Wuri

A ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, idan mai juna biyu ta kumbura, kai ya yi ta sara mata, sannan ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe, da yawanmu cewa muke iskoki ne. Likitocin Turai ma sun daɗe cikin duhu. Sai a 1843 John Lever ya gano a Landan cewa fitsarin masu wannan ciwo na ɗauke da furotin. Bayan ƙirƙiro na'urar awon hawan jini a 1896, aka fahimci hawan jini ke riga jijjigar zuwa.

A fannin magani, allurar magnesiyam salfet ce ta yi fice, kuma Sakkwato ta sa hannu a tarihinta. A 2009 Bissallah Ekele da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka wallafa gwajin da suka yi wa mata 121: giram 14 a tashin farko kawai, ya hana jijjigar dawowa ga 112. Wannan sauƙi ne ga ƙaramin asibitin da ba shi da ma'aikatan da za su kwana suna maimaita allura.

Amma rigakafi ya fi magani. A 2004 masu bincike a Amurka suka nuna cewa sinadarin PlGF da mabiyiya ke fitarwa yana raguwa a jinin uwa, wani mai suna sFlt-1 kuma yana hauhawa, makonni kafin ciwon ya bayyana. A 2017 binciken ASPRE ya tantance mata tsakanin mako na 11 da na 14, aka ba waɗanda ke cikin haɗari asfirin, nau'in ciwon da ke tilasta haihuwar bakwaini ya ragu da kashi 62 cikin 100.

Nan gizo ke saƙar. Wannan gwaji na wata ukun farko ne, daidai lokacin da muke ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya. Ga shi kuwa mai cikin fari na cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa. Ko gwajin bai iso asibitocinmu ba, awon hawan jini da na fitsari suna nan. Uwa, uwar miji da maigida, a tura ta awo tun cikin bai fito ba.