Barikin Soja Da Masana'antar Keke: Wa Ke Da Wurin Da Aka Ce Na Kowa Ne?

Ko kana ruga ko kana bakin kasuwar kan iyaka, shirinmu na tarihi na wannan mako zai kai ka Turai, birnin Lubliyana, babban birnin ƙasar Sulobeniya. Tambaya ɗaya muka ɗauko daga can: in gwamnati ta rushe, ta bar gine-gine a buɗe, na wa ne?

Har zuwa 1991, Sulobeniya yanki ce a cikin Yugoslabiya, ƙasar da ke bin tsarin gurguzu. A wannan tsari, masana'antu ba na attajiri ba ne, cewa ake yi dukiyar al'umma ce. Ranar 25 ga Yunin 1991 Sulobeniya ta ɓalle, aka yi yaƙin kwana goma, kuma a watan Oktoba sojan Yugoslabiya suka kwashe kayansu suka fita. Nan fa rabon gado ya tashi. Abin da jiya aka ce na kowa ne, yau sai ga shi ana nema masa mai shi.

A tsakiyar birni akwai wani tsohon bariki a titin Metelkova. Tun sojan ba su fita ba, matasa da masu zane da makaɗa suka haɗa ƙungiya, suna roƙon a mayar da barikin dandalin al'adu. Aka yi ta ja musu rai. A watan Satumban 1993 sai kawai aka fara rusa gine-ginen. Da jin haka, mutum wajen 200 suka shiga, suka ce ba inda za su. Hukumar birni ta yanke musu ruwa da lantarki, ga shi hunturun Turai ya kawo jiki, amma suka daure.

To, ka lura, ba rashin wurin kwana ne kawai ya kai su ba. Magana suke yi da aiki: wurin da aka gina da gumin talakawa, bai kamata a rushe shi ko a sayar a ɓoye ba. Suka gyara ɗakuna, suka buɗe wuraren kiɗa da zane da taro, komai sai an zauna an yi shawara. Kurkukun sojan da ke cikin barikin ma, a 2003 ya koma masaukin baƙi. Yau Metelkova na nan daram, 'yan yawon buɗe ido na tururuwa zuwa can.

Amma kada ka ɗauka kullum haka ake ƙarewa. A bakin kogin da ya ratsa birnin akwai masana'antar keke mai suna Rog, wadda ta daina aiki a farkon shekarun 1990. Hukumar birni ta mallake ta a 2002, ta bar ta kango. A 2006 ɗalibai da masu fafutuka suka shiga, suka share, suka raya wurin. Cikin waɗanda suka samu inuwa a nan har da baƙin haure, da masu neman mafaka, da mutanen da ake kira “waɗanda aka goge”.

Su wa ke nan? A Fabrairun 1992 sabuwar gwamnati ta cire sunayen mutum 25,671 daga rajistar mazauna ƙasa, galibinsu 'yan asalin sauran yankunan Yugoslabiya ne. Ba su ƙetara iyaka ba, iyaka ce ta ƙetare su. Aiki, asibiti, fansho, duk suka kufce musu. Sai a 2012 babbar kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta tabbatar an zalunce su. Kai da ke kwana da tashi da takardun iyaka, ai ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Rog ta yi shekara kusan 15. A 2016 aka zo da masu gadi da motar rusau, mazauna suka tare hanya, magana ta koma kotu. Ranar 19 ga Janairun 2021 aka fitar da su da ƙarfi, aka rushe mafi yawan gine-ginen. A 2023 hukumar birni ta buɗe nata sabon dandalin a wurin. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Me ya bambanta su? Metelkova ta yi suna har ta zama abin alfaharin birni, taɓa ta zai jawo wa hukuma surutu. Rog kuwa, takarda na hannun hukuma, ga kuma shirin gini da ta riga ta tsara wa filin.

Ga abin lura gare ka, makiyayi, da kai ɗan kasuwa. Burtali, mashaya da filin kasuwa su ma na kowa ne, kuma amfani da su kullum ne ke raya su. Sai dai amfani kaɗai ba ya tsayawa gaban takarda. In kuna da wuri irin wannan, ku haɗa kai tun ba a zo da ma'auni ba: a je wurin hakimi da magajin gari, a shata iyaka, a kafa alama, a rubuta, a sa hannu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.