Asalin Habeas Corpus da Ma'anarsa

Daga cikin kalmomin Latin da suka samu gindin zama a Turancin shari'a akwai habeas corpus. Habeas aikatau ne mai ɗauke da umarni, ma'anarsa "ka kasance kana da", corpus kuwa jiki ne. Kalmomin biyu sun fito ne daga takardar da alƙalan Ingila kan aika wa mai tsare da fursuna, tun zamanin da ake rubuta takardun kotu da Latin. Saƙon takardar shi ne: ka zo da mutumin nan gaban alƙali, ka faɗi dalilin tsare shi. In dalilin bai dace da doka ba, sai a sallame shi.

Da farko fada ce ke amfani da takardar don jawo mutane gaban alƙalan sarki. A ƙarni na 17 ne ta juye ta zama garkuwar wanda sarkin ya kulle. A 1627 Sarki Charles na Ɗaya ya tsare wasu manyan mutane da suka ƙi ba shi rancen dole. Biyar daga cikinsu suka nemi wannan takarda, amma kotu ta ƙi ba da belinsu, domin an ce umarnin sarki ne. Hukuncin ya harzuƙa majalisa, aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru. A 1679 majalisar ta kafa dokar da ta ƙayyade kwanakin kawo fursuna, ta ɗora tara a kan mai gadin da ya ƙi, ta kuma hana kai fursunoni ƙetaren teku inda hannun alƙali ba ya kaiwa.

An ga ƙarfin takardar a shari'ar James Somerset, wani bawa ɗan Afirka da ya gudu daga ubangidansa a Landan. Da aka kama shi, sai aka ɗaure shi a jirgin ruwa mai shirin tafiya Jamaika don a sayar da shi. Waɗanda suka tsaya masa suka nemo takardar, aka fito da shi daga jirgin. A 1772 Alƙali Mansfield ya yanke cewa dokar Ingila ba ta ba ubangidan ikon fitar da shi da ƙarfi ba, aka sake shi. Hukuncin bai soke bauta a ƙasashen da Ingila ke mulka ba.

Kotunan Ghana da Nijeriya sun gaji takardar daga mulkin Ingila, kuma lauyoyinsu na kiran ta da sunanta na Latin har yau.